Hasashen aikin injin dizal da hayaƙinsa: wace hanya ce ta dace da aikinka?

Duk wanda ya taɓa zama a bayan gilashin ɗakin gwajin inji ya san lokaci ne abu mafi tsada a wurin. Za ka saita gudun inji, ka saita nauyin da dainamomita, wato na'urar gwada ƙarfin inji, zai ɗora masa, sannan ka naɗe hannu ka jira. Sai zafin ruwa da na baƙin mai sun tsaya cik, sai lambobin na'urar auna hayaƙin salansa sun daina hawa da sauka, kafin ka danna maɓallin ɗaukar awo. Takardar tace hayaƙi ta shiga fara fat, ta fito da tabo ruwan toka. Awo ɗaya ke nan, kuma minti biyar sun wuce, in ma komai ya tafi daidai.

To, ƙirga abubuwan da ake murɗawa a injin dizal na zamani: lokacin fesa mai, ƙarfin matsin man, yawan ɗan man da ake fara fesawa kafin babbar fesawa, tazarar da ke tsakanin fesawar biyu, yawan hayaƙin da ake mayarwa cikin silinda wato EGR, matsin iskar turbo, ga gudu, ga nauyi. Takwas ke nan. In ka ce kowanne za ka gwada shi a matakai biyar, ka haɗa su ta kowace fuska, awo 390,625 ne a gabanka. A minti biyar-biyar, injin zai shafe fiye da shekara uku da rabi yana ruri dare da rana. Babu mai yin haka. Abin da ake yi shi ne a ɗauki awo ɗari ko ɗaruruwa, a gina samfurin lissafi da ke kwaikwayon injin, sannan a nemi saiti mafi kyau a cikin kwamfuta.

A nan ne mutum ke tsayawa yana waige-waige. Wannan ya ce masa sarƙar jijiyoyi ta wucin gadi, wancan ya ce XGBoost, malaminsa ya ce RSM ta ishe shi, injiniyan masana'anta ya ce shi Gaussian Process ya sani, ga kuma masu cewa a koma wa lissafin fiziks. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari in faɗi matsayata tun yanzu. Samfurin da ya fi kowa samun maki a kan bayanan da ka riga ka auna ba lallai ne ya zama wanda ya dace ba. Samfurin inji ana gina shi ne don a tambaye shi wuraren da ba a auna ba, kuma halinsa a waɗannan wuraren shi ne abin dubawa.

Abin da ya sa dizal ke da wuyar sha'ani

Abu biyu ne ke jan igiya a cikin silinda. Iskar NOx, wato haɗin naitrojin da oksijin, tana samuwa ne inda wuta ta yi zafi ƙwarai, sama da kusan digiri 1,800 a ma'aunin Kelvin, ta hanyar da masanin Tarayyar Soviet Zeldovich ya bayyana a 1946, kuma ƙarin zafi kaɗan yana ninka yawanta. Ita kuwa kunkunniya, wato baƙin da ke fita a salansa, tana samuwa ne inda mai ya yi yawa iskar oksijin ta yi ƙaranci. Ka gaggauta fesa mai, wuta ta ƙara zafi, shan mai ya ragu, kunkunniya ta ragu, NOx ta hau. Ka ƙara EGR, NOx ta sauka, kunkunniya ta fara hawa a hankali, sai ka kai wata gaɓa ta yi tsalle sama kamar an harba ta. Ka riƙe wannan gaɓar a ranka, domin a kanta za mu gwada kowace hanya.

Doka kuma ba ta bar sarari ba. A Turai, ƙa'idar Euro 5 ta yarda wa ƙaramar motar dizal miligiram 180 na NOx a kowace kilomita, Euro 6 da ta fara aiki a 2014 ta mayar da shi 80. Manyan motoci a ƙarƙashin Euro VI an ba su giram 0.4 na NOx a kowace kilowat-awa ta aikin inji a gwajin da ake riƙe inji a tsayayyen gudu da nauyi mataki-mataki. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara. Bayan badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙi ta kamfanin Volkswagen a Satumbar 2015, wadda ta shafi motoci kusan miliyan 11, Turai ta fara auna hayaƙi a kan titi daga 2017, abin da ke nufin iya cin jarrabawa a ɗakin gwaji ya daina wadatarwa. Duk da haka mai inji yana son shan mai ya tsaya kusa da giram 200 a kowace kilowat-awa, wanda ke nufin kusan kashi 42 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin man ya zama aiki.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma a wannan fanni kuɗi kashi biyu ne. Akwai na manhaja, wanda ake iya kauce masa da kayan kyauta irin su Python da scikit-learn. Akwai na awo, wato sa'o'in ɗakin gwaji, man da ake ƙonawa, iskar da ake daidaita na'urori da ita, da ladan ma'aikata. Na biyun ne ke cinye kasafi, saboda haka hanyar da ta ƙoshi da awo 150 ta fi arha nesa a kan wadda ke neman 2,000, ko da ta farkon ce ake biya wa lasisi.

Na biyu ƙarko. Samfuri ba ya tsatsa, amma inji yana tsufa. Bakin nozul yana tara datti, bawul ɗin EGR yana toshewa, an canza mai, damina ta shigo iska ta yi laima, ita kuwa laima tana rage NOx. Tambayar ita ce yaushe samfurin zai fara kuskure, kuma da wane irin wahala za a sabunta shi.

Na uku sauƙi, wato irin ƙwarewar da ake buƙata kafin a gina shi, da ko za a iya bayyana wa wani dalilin amsarsa. Na huɗu haɗari, wanda a wurina ya fi sauran nauyi. Idan aka tambayi samfurin abin da ya wuce iyakar bayanansa, me yake yi? Yana nuna alamar bai sani ba, ko yana ba da amsa da cikakkiyar gadara? Akwai kuma tambayar inda zai zauna, a kwamfutar ofis ko a cikin ƙwaƙwalwar inji, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, mai ƙaramin ƙarfi.

RSM: tsohuwar hanya mai gaskiya

Cikakken sunanta Response Surface Methodology, kuma Box da Wilson ne suka shimfiɗa ta a 1951. Ana ɗora wa bayanai lissafi mai lanƙwasa ɗaya, a fitar da jimla da za ka iya rubutawa a takarda. Da abubuwa uku, lambobi 10 kacal za a nemo, kuma tsarin gwaji na Box da Behnken na 1960 yana gama aikin da awo 15. Da abubuwa takwas, lambobin sun zama 45. Wajen kuɗi babu wadda ta kai ta sauƙi. Minitab da Design-Expert na kuɗi ne, amma R da Python suna yin aikin kyauta. Wajen fahimta ma haka, kana ganin wane abu ke da tasiri da kuma waɗanda ke shafar juna.

Rauninta ɗaya ne, amma babba ne. Sau ɗaya take iya lanƙwasawa. A gaɓar da kunkunniya ke tsalle, RSM za ta shafe tsallen ta mayar da shi gangare mai laushi, ta ƙara yawan kunkunniya inda babu, ta rage inda ta fi yawa, har wani lokaci ta ba ka adadin da ke ƙasa da sifili. Ana rage matsalar da ɗaukar logaritim na kunkunniya kafin a yi lissafi, dabarar da ke amfanar duk hanyoyin da ke tafe, ko kuma a gina ƙaramin samfuri daban a kowane gudu da nauyi. Ƙarkonta iya ɗan filin da aka auna ne, in an fita sai sabon gwaji.

Gaussian Process: wadda ke faɗin iyakar saninta

A nan zan ɗan daɗe, domin ita nake ba mafi yawan masu aiki a ɗakin gwaji shawarar su fara da ita. Asalinta daga haƙar ma'adinai ne. Injiniyan Afirka ta Kudu Danie Krige ya yi aiki a farkon shekarun 1950 a kan yadda za a ƙiyasta yawan zinari a ƙarƙashin ƙasa daga 'yan ramukan gwaji masu tsada. Matsalar iri ɗaya ce da tamu: kowane awo da tsada, fili kuma da faɗi.

Gaussian Process, GP a taƙaice, tana ba da abu biyu a kowace tambaya, hasashe da kuma faɗin shakkar da ke tattare da shi. Kusa da inda ka auna, shakkar siririya ce. Kana nisa tana buɗewa, hasashen kuma yana komawa matsakaici maimakon ya yi sama ko ƙasa babu linzami. Amfanin wannan a aikace ya wuce yadda ake zato. A ce ka auna wurare 80. Sai ka duba inda shakka ta fi faɗi, ka je can ka auna, ka sabunta samfurin, ka sake dubawa. Awonka ba ya tafiya a banza a wuraren da injin ke tafiya lami lafiya, yana taruwa ne inda ake da buƙata. Tana kuma nuna maka wane abu ne ke motsa sakamako da wanda tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa masana'antar motoci ta rungume ta. Manhajar ASCMO ta kamfanin ETAS, reshen Bosch, a kanta aka gina ta, kuma kayan daidaita inji na MATLAB ma suna ɗauke da ita. Waɗannan na lasisi ne, amma scikit-learn da GPyTorch suna ba da ita kyauta.

Aibinta na farko nauyin lissafi ne. In ka ninka bayanai sau biyu, aikin horarwa yana ninkuwa sau takwas. Awo dubu ɗaya ko biyu ba komai, amma layuka miliyan daga motocin da ke kan titi sun fi ƙarfinta sai da dabarun taƙaitawa. Na biyu, shakkar da take nunawa ta dogara da zaton da aka gina ta a kai, cewa injin yana sauyawa a hankali kuma kuskuren awo iri ɗaya ne a ko'ina. Kunkunniya tana karya wannan zaton, domin awonta ya fi rawa idan ta yi yawa. In babu awo ko ɗaya kusa da gaɓar tsalle, GP ma za ta wuce ta ba ta gani ba. Wajen ƙarko kuwa tana da daɗin sha'ani, 'yan sababbin awo sun isa a gyara ta bayan inji ya ja sa'o'i.

Akwai 'yar uwarta SVR, wato Support Vector Regression, wadda ita ma ke aiki da kyau a kan bayanai kaɗan. Sai dai ba ta ba da faɗin shakka, don haka ban ga dalilin fifita ta a kan GP ba.

Bishiyoyi: Random Forest da XGBoost

Leo Breiman ya gabatar da Random Forest a 2001, XGBoost kuma ta yi suna bayan maƙalar Chen da Guestrin ta 2016. Dukkansu suna yanka bayanai gida-gida da tambayoyin e ko a'a: gudu ya wuce kaza? zafin iska ya kai kaza? Kyauta ne, suna da sauri, ba sa buƙatar a daidaita ma'aunan bayanai, kuma XGBoost tana jure gurbin da firikwensin ya ɗauke bai aiko da komai ba. A kan bayanan rundunar motoci ko tarin janareto, masu datti da giɓi da nau'o'in inji daban-daban, da wuya a doke su. Da hanyar SHAP ta 2017 ana iya ganin abin da ya tura kowane hasashe. Tsallen kunkunniya ma suna kama shi da kyau, muddin akwai awo da yawa a wurin.

Amma ga abin da ke hana ni amfani da su wajen neman saiti. Amsarsu matakala ce, hawa-hawa, alhali taswirar da ake zubawa a ƙwaƙwalwar inji, wato jadawalin saitinsa, tana buƙatar santsi, in ba haka ba direba zai ji mota tana fizga. Sannan a wajen iyaka suna daskarewa. In ka horar da su da matsin mai har bar 1,600, ka tambaye su 2,000, amsar 1,600 za su maimaita maka, ba tare da wata alama ba. Random Forest ba za ta taɓa hasashen adadin da ya wuce mafi girman wanda ta gani ba, ko da injin na gaske yana tuƙa baƙin hayaƙi.

Sarƙar jijiyoyi ta wucin gadi

Samfuri ce mai kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗe da juna, wato neural network. Ita ce ta cika maƙaloli, kuma ita aka fi zalunta. Bari mu yi lissafi a fili. Sarƙa mai mashiga 6, jijiyoyin tsakiya 20, mafita 4, tana da lambobi 224 da za a koya. Wanda ya auna wurare 40 yana da adadi 160 ne kacal a ɓangaren sakamako. Abubuwan da ake nema sun fi bayanan yawa, saboda haka sarƙar za ta haddace awon ne har da kurakuransa, ta ba da maki 0.99 cikin 1, a yi murna. Ka sake horar da ita daga wani mafari, ta ba ka wata taswira daban a tsakanin wuraren da aka auna. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ɗalibai masu ƙwazo suna ƙarar da watanni a kan sakamakon da ba zai tsaya a gaban inji ba.

Inda take da gaskiya shi ne aiki mai sauyawa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Direba ya taka totur, mai ya ƙaru nan take, turbo kuwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya kawo iska, a wannan ɗan tsakanin kunkunniya ta yi tsiri. Abin da inji ke fitarwa yanzu ya dogara da abin da ya faru daƙiƙu kaɗan baya, kuma nau'in LSTM, wanda Hochreiter da Schmidhuber suka fitar a 1997, an gina shi ne don riƙe irin wannan tarihin. Sharaɗi ɗaya: na'urar auna hayaƙi tana jinkiri, saboda sai iskar ta bi ta bututu kafin ta isa, don haka dole a daidaita lokutan bayanai kafin horarwa, in ba haka ba sarƙar za ta koyi jinkirin bututu a matsayin halin inji.

Ƙaramar sarƙa da aka gama horarwa tana da sauƙin lissafi, tana iya zama a cikin ƙwaƙwalwar inji ta yi aikin firikwensin NOx na lissafi. Wannan yana da amfani domin firikwensin na gaske ba ya fara aiki sai raɓar cikin salansa ta bushe bayan tayar da inji, kuma yana ɗaukar amoniya a matsayin NOx. Manhajojin PyTorch da TensorFlow kyauta ne, tsadar tana wajen yawan bayanai da ƙwarewa. A wajen iyaka kuwa ita ce mafi haɗari, tana iya ba da kowace irin amsa. Horar da sarƙoƙi biyar ko goma a duba inda suka saɓa wa juna yana rage wannan.

Lissafin fiziks, da gaurayensa

Manhajojin GT-Power na kamfanin Gamma Technologies da AVL BOOST suna bin iska daga mashiga zuwa salansa, suna amfani da ƙa'idoji irin su na Wiebe kan ƙonewar mai da na Woschni na 1967 kan zafin da ke tserewa ta bangon silinda. CONVERGE da AVL FIRE suna shiga cikin silinda su bi feshin mai ɗigo-ɗigo. OpenFOAM kyauta ce, amma koyonta ba wasa ba ne. Lasisin sauran yana da tsada, ana buƙatar firikwensin matsin cikin silinda don daidaita su, kuma zagaye ɗaya na lissafin cikin silinda yana iya cin sa'o'i masu yawa a kan manyan kwamfutoci. A kan kunkunniya sukan nuna alkibla daidai amma su kuskure adadi.

Abin da suke da shi wanda sauran ba su da shi: suna iya magana a kan injin da ba a ƙera ba tukuna, ko sabon fasalin kan fistin, ko wani turbo daban. Kuma ba sa karya dokar adana makamashi ko an kai su ina.

Gauraye shi ne a bar fiziks ya lissafa abubuwa masu ma'ana, kamar yawan oksijin a mashiga, zafin harshen wuta, da lokacin da rabin man ya ƙone, sannan GP ko ƙaramar sarƙa ta koyi ragowar bambancin da ke tsakanin lissafin da awon gaske. Aikin gina shi ya fi yawa, amma yana cin bayanai kaɗan, yana daɗewa, kuma in ya fita daga iyaka yana da ƙashin bayan da zai jingina da shi.

| Hanya | Yawan awo | Kuɗin manhaja | Ƙarko | Sauƙi | Hali a wajen iyaka |
|---|---|---|---|---|---|
| RSM | 'yan gomomi | kyauta ko kaɗan | gajere | mai sauƙi ƙwarai | lanƙwasa tana ci gaba, amsa tana iya zama marar ma'ana |
| GP | gomomi zuwa 'yan dubbai | kyauta ko lasisi | mai kyau, gyara da sauƙi | matsakaici | tana nuna shakka |
| Bishiyoyi | dubbai zuwa miliyoyi | kyauta | sai an riƙa sake horarwa | mai sauƙi | amsa tana daskarewa |
| Sarƙar jijiyoyi | dubbai zuwa sama | kyauta | ya danganta da faɗin bayanai | mai wuya | amsa babu tabbas, babu gargaɗi |
| Fiziks | kaɗan, don daidaitawa | mai tsada | mai tsawo | mai wuya ƙwarai | alkibla takan yi daidai |
| Gauraye | ɗaruruwa | ya danganta da ɓangaren fiziks | mai tsawo | mai wuya | ya fi na koyon na'ura zalla |

Kafin ka yarda da kowace lamba

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, samfuri kuma tun daga tsarin awo. Ka baza wuraren gwaji su cika fili, da tsarin Latin hypercube ko jerin Sobol, maimakon canza abu ɗaya-ɗaya. Ka hargitsa jerin awon don kada ɗumamar rana ta ɓuya a cikin tasirin wani saiti. Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka riƙa komawa kana sake aunawa safe da yamma, shi zai gaya maka ko na'urarka tana kaucewa.

Misali daga bayodizal, wato dizal da ake yi da man tsirrai ko kitse, zai nuna muhimmancin wannan. Nazarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta tattara a 2002 kan injinan manyan motoci ya nuna gaurayen B20, mai kashi 20 cikin 100 na bayodizal, yana rage ƙurar hayaƙi da kusan kashi 10 cikin 100, yana ƙara NOx da kusan kashi 2. In na'urarka tana kaucewa da kashi 3 tsakanin jiya da yau, babu samfurin da zai gano wannan kashi 2, komai zurfinsa.

Wajen raba bayanai kuma akwai tarko. In ka ɗauki bayanan tafiya na daƙiƙa-daƙiƙa ka raba su barkatai, layin da ke cikin jarrabawa maƙwabcin wanda ke cikin horo ne, kusan abu ɗaya ne, makin zai fito da kyau na ƙarya. Ka ware tafiya sukutum, ko mota sukutum, ko yankin gudu da nauyi sukutum. Sannan ka duba kuskure a ma'auninsa na gaske, giram nawa a kilowat-awa, da kuskure mafi muni da wurin da ya faru.

Manemin saiti

Manemin saiti dabara ce ta lissafi da ke laluben saiti mafi kyau a cikin samfurin. Mutane suna ɓata lokaci suna gardama tsakanin NSGA-II na Kalyanmoy Deb da abokansa na 2002 da PSO na Kennedy da Eberhart na 1995. A kan samfuri mai sauri bambancinsu kaɗan ne. NSGA-II ta fi dacewa da mu domin tana ba da jerin zaɓuɓɓuka, daga mai ƙarancin NOx zuwa mai ƙarancin shan mai, ka zaɓa da kanka. In kowane gwaji yana da tsada, kamar lissafin cikin silinda, hanyar Bayes da ke tafiya da GP, wadda ke zaɓar gwaji na gaba bisa hasashe da faɗin shakka, ta fi su tattali.

Abin da ya fi zaɓen muhimmanci shi ne sanin halin manemin. Aikinsa ya nemo inda lambobi suka fi kyau, kuma sau da yawa inda suka fi kyau shi ne inda samfurin ya yi kuskure. Zai ruga can kai tsaye. Saboda haka ka kewaye shi da shinge: kada ya fita daga yankin da aka auna, kada matsin cikin silinda ya wuce abin da maƙeri ya yarda, kada zafin da ke shiga turbo ya wuce iyaka, kada ƙarar ƙonewa ta yi yawa. Duk saitin da ya kawo, a koma da shi kan inji a auna, a matso gare shi mataki-mataki hannu na kusa da maɓallin kashewa.

Wa ya dace da wacce

Ɗalibi mai injin silinda ɗaya, abubuwa uku ko huɗu, da awon da bai kai 50 ba, kamar mai gwada gaurayen bayodizal: ka ɗauki RSM, ka ɗora GP a gefe don kwatanci. In sun yarda da juna, hankalinka ya kwanta. In sun saɓa, wurin saɓanin nan ne za ka ƙara awo. Ka bar sarƙar jijiyoyi har sai bayananka sun yi yawa.

Injiniyan da ke daidaita taswirar inji da abubuwa shida zuwa goma da 'yan ɗaruruwan awo: GP, tare da NSGA-II da shingen da muka ambata. In akwai kasafin lasisi, manhajojin masana'anta za su rage maka aiki wajen tsara gwaji da fitar da taswira mai santsi. In babu, Python ta isa.

Mai kula da rundunar motoci, jiragen ruwa ko janareto, wanda ke son gano injin da ya fara shan mai fiye da kima ko tacen hayaƙin da ke shirin toshewa: XGBoost ko Random Forest, a riƙa sake horar da su lokaci-lokaci, kuma kada a nemi sabon saitin inji daga gare su.

Mai son hasashen hayaƙi a kan titi, ko firikwensin lissafi da zai zauna a ƙwaƙwalwar inji: sarƙar jijiyoyi, da bayanai masu yawa da suka haɗa da tayar da inji cikin sanyi, hawan tudu da kaya, da tsayuwa a cunkoso, a kuma sa mata mai gadi da zai ƙi amsarta idan bayanan da ke shigowa sun fita daga abin da ta sani.

Mai ƙera sabon inji ko canza fasalin fistin da nozul: fiziks ne mafarinka, domin babu awon da za ka koyar da na'ura da shi tukuna. In lissafin ya yi nauyi, ka gudanar da shi sau ɗari ko biyu, ka ɗora GP a kan sakamakon, ka yi nema a kanta. Wanda kuma ke son samfuri ɗaya da zai bi dangin injina na shekaru, ta canjin mai da canjin turbo, gauraye ne ya cancanci wahalarsa, kuma ya tanadi firikwensin matsin silinda tun a kasafin farko.